Masu Binciken Tele da Suka Dawo da Furfura: Tambayoyinku da Amsoshinmu

Wasiƙun da suka taru a wannan karo kusan duk kan abu ɗaya suke: tsofaffin shirye-shiryen binciken laifi na tele waɗanda aka rufe shekara da shekaru, daga baya aka tono su aka mai da su dogayen finafinai. Ga waɗanda muka samu wurin amsawa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Musu ne ya kaure a majalisarmu bayan la'asar. Akwai Perry Mason na baƙi da fari, lauya mai matsakaicin jiki, shirin bai cika awa ɗaya ba. Akwai kuma mai kala, dattijo mai gemu da ƙiba, wanda ke cin awa ɗaya da rabi. Ni na ce mutum ɗaya ne, abokaina suka ce ɗansa ne ko ƙaninsa. Wa ke da gaskiya, kuma guda nawa aka yi?
Malamin makaranta mai ritaya, Garwa

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kai ke da gaskiya, sai su biya kuɗin shayi. Mutum ɗaya ne, Raymond Burr, shekaru ne kawai suka hau kansa. Tashar CBS ta Amurka ta nuna shirin na asali daga 1957 zuwa 1966, zango 9, kashi 271, duka baƙi da fari ban da guda ɗaya da aka gwada da kala. Aka rufe shi shekara 19. Ranar 1 ga Disamban 1985, wato shekarar da tele ta fara aiki a Kamaru, tashar NBC ta fito da fim ɗin dawowarsa, Perry Mason Returns, lokacin Burr yana da shekara 68. Jama'a suka yi masa ca, sai NBC ta ci gaba da yin odar wasu, har suka kai 30 a 1995. Burr ya fito a 26. Ya rasu a Satumban 1993, aka ƙarasa huɗun ƙarshe da wasu lauyoyi a madadinsa, Paul Sorvino a ɗaya, Hal Holbrook a uku, ana cewa Mason ya yi tafiya.

Abin da ya kamata majalisarku ta duba shi ne yadda aka ɗinke ɓarakar da mutuwa ta yi. Cikin manyan 'yan wasa biyar na asali, uku sun riga sun rasu kafin 1985: Ray Collins mai fitowa a tsohon ɗan sanda Tragg a 1965, William Talman mai gabatar da ƙara a 1968, da William Hopper wanda ke fitowa a Paul Drake, mai yi wa lauyan bincike, a 1970. Saura Burr da Barbara Hale, sakatariyarsa Della Street. Masu shirya fim ɗin ba su ɗauko wani suka ce shi ne Paul Drake ba. Sai suka ƙirƙiro masa ɗa, suka ba William Katt, wanda a zahiri ɗan Barbara Hale ne na cikinta. Ƙila nan abokanka suka samo maganar ɗa. Dabara biyu ce a jifa ɗaya: an girmama mamaci, an kuma samu matashin da zai yi gudu da tsallen katanga da kokawa, abin da dattijo mai sanda ba zai iya ba. Katt ya yi tara na farko, daga 1989 William R. Moses ya karɓi aikin a matsayin wani matashin lauya.

Sai dalilin dawowar. A fim ɗin farko Mason ya zama alƙalin kotun ɗaukaka ƙara, ya daɗe da barin aikin lauya. Me zai sauko da shi daga wannan kujera? Aka tuhumi Della da kisan mai gidan da take wa aiki. Ya ajiye alƙalanci don ya kare ta. Dalili ɗaya, wanda duk mai kallo ya yarda da shi ba sai an yi masa bayani ba.

Kafin wannan an taɓa gwada wata hanya. A 1973 CBS ta dawo da shirin da sabon ɗan wasa, Monte Markham, alhali Burr yana raye yana kuma fitowa a wani shirin. Kashi 15 aka nuna aka rufe. Suna iri ɗaya, kotu iri ɗaya, amma masu kallo fuskar da suka sani suke nema.

Tambaya: Ni da maigidana muna son Columbo. Amma na lura na da sun fi daɗi, na baya-bayan nan da ya tsufa sai in ji suna ja, har barci ya ɗauke ni. Tsufansa ne ya jawo, ko ni ce na canza?
Wata uwargida, Domayo, Marwa

Amsa: Hajiya, ba ke ba ce, kuma tsufa ba shi ne babban mai laifi ba. Tsawo ne.

Columbo daban yake da sauran, domin tun asali fim ne, bai taɓa zama shirin awa ɗaya na kowane mako ba. Bayan finafinan gwaji biyu, na 1968 da na 1971, NBC ta sa shi cikin wani tsari na karɓa-karɓa: wannan makon Columbo, mako mai zuwa McCloud, na gaba McMillan & Wife, sai a zagayo. Saboda haka a shekara ba a buƙatar fiye da shida zuwa takwas, marubuta suna da lokacin tankaɗe da rairaya. Wannan zubi ya ƙare a 1978 da guda 45. Tashar ABC ta dawo da shi a Fabrairun 1989, ta yi 24 zuwa 2003. Jimilla 69. Peter Falk, mai fitowa a Columbo, yana da shekara 61 da aka dawo, 75 da aka rufe.

Ga lissafin. Tashoshin Amurka suna sayar da fili ne, awa ɗaya da rabi ko awa biyu, talla na ciki. In an cire talla, filin awa ɗaya da rabi yakan bar minti 73 zuwa 75 na fim, na awa biyu kuwa minti 90 zuwa 95. Da yawa daga cikin na da, ciki har da zangon farko, a gajeren filin aka yi su. Na ABC duka a dogon fili suke. Minti 20 ɗin nan na ƙari su ne barcinki.

Dalili kuwa ginin labarin Columbo ba ya miƙuwa kamar roba. A sauran shirye-shirye ana ɓoye mai kisan sai ƙarshe, don haka in kana son ƙarin lokaci sai ka ƙara mutum biyu da za a zarga, kowanne ya ci minti goma. A Columbo tun farko an nuna miki wanda ya yi, da yadda ya yi, da yadda ya share sawunsa. Minti 15 ko 20 na farko ma ba a ganin ɗan sandan. Abin da ya rage shi ne mutum biyu, mai kuɗi mai ji da kansa da wani ɗan sanda mai yamutsattsiyar rigar ruwa wanda ya kai bakin ƙofa zai fita sai ya juyo da wata 'yar tambaya. Ba wani na uku da za a zarga. To da me za a cike minti 20? Sai aka riƙa cusa barkwanci: ga shi yana neman fensir, ga shi da karensa wurin likitan dabbobi, ga shi yana busa ƙaho. A na da, shiriritarsa tarko ce, yana yi ne don mai laifi ya raina shi ya saki baki. A wasu na baya, shiririta ta zama ta ba masu kallo dariya kawai, ba ta kama kowa. Da zarar haka ta faru, zaren ya saki.

Akwai kuma maganar hannun da ya rubuta. Richard Levinson da William Link ne suka ƙirƙiro shi, Levinson ya rasu a 1987, shekara biyu kafin dawowar. Na farkon zangon 1971, Steven Bochco ne ya rubuta, Steven Spielberg ya ba da umarni yana saurayi. Ba kullum ake samun irin wannan haɗuwa ba. Har ila yau sau biyu, a 1992 da 1994, aka ɗauko labarin littattafan Ed McBain aka ɗora wa Columbo. Na 1992 ma ba kisa a farkonsa, amarya aka sace ana nema. Labarin bai lalace ba, sai dai riga ce da aka ɗinka wa wani.

Kada ki zubar da su duka. Nemi biyu na 1990, Agenda for Murder wanda Patrick McGoohan ya fito a mai kisan, da Columbo Goes to College. A na farkon akwai wata 'yar hujja a kan teburin mamacin wadda ba za mu tona miki ba. A shekarar ne Falk ya karɓi kyautar Emmy ta huɗu kan wannan rawa. In kin yi barci a waɗannan biyun, to sai mu yarda zafin Marwa ne.

Tambaya: Derrick fa? Mu da shi muka tashi. An taɓa dawo da shi kamar sauran? Da Kojak mai sanƙo da alewa?
Direban babbar mota, Njamena

Amsa: Derrick bai dawo ba, ɗan'uwa. Tashar ZDF ta Jamus ta yi shi daga 1974 zuwa 1998, kashi 281, kuma mutum ɗaya ne ya rubuta su duka, Herbert Reinecker. An rufe shi Horst Tappert, mai fitowa a Derrick, yana da shekara 75, a labarin aka yi masa ƙarin girma zuwa rundunar 'yan sandan Turai. Abin da ya biyo baya sai wani fim na zane a 2004 wanda shi da Fritz Wepper, mataimakinsa Harry, suka sa muryoyinsu. Tappert ya rasu a 2008. A 2013 aka gano cewa a lokacin yaƙin duniya na biyu ya yi aiki a rundunar Waffen-SS ta 'yan Nazi, abin da bai taɓa faɗa ba, daga baya ZDF ta daina maimaita shirin.

Kojak kuwa ya dawo. Na asali 1973 zuwa 1978 ne. Telly Savalas ya sake fitowa a finafinai bakwai: ɗaya a 1985, ɗaya a 1987, biyar a tashar ABC tsakanin 1989 da 1990, cikin karɓa-karɓa ɗaya da sabon Columbo. Ya rasu a Janairun 1994.

Tambaya: Mu ƙungiyar matasa ce masu wasan kwaikwayo. Shekaru da suka wuce wasu yayyenmu sun yi wani shirin bidiyo na ɗan sandan ciki wanda aka so shi a garinmu. Jarumin yana nan da ransa, ya manyanta. Muna so mu dawo da shi a fim ɗaya na awa ɗaya da rabi. Ta ina za mu fara, kuma ina ake faɗuwa?
Sakataren ƙungiya, Kuseri

Amsa: Madalla, ƙanena. Ku fara da takarda kafin kyamara.

Shirin yana da masu shi, ko da a faifan da ya karce yake kwance. Wanda ya rubuta labarin, wanda ya zuba kuɗi, wanda ya yi kiɗan taken, kowanne da haƙƙinsa. A Kamaru dokar 19 ga Disamban 2000 ce ke kula da haƙƙin mallakar fasaha, kuma haƙƙin marubuci ba ya mutuwa da shi, yana komawa ga magada har shekara 50 bayan rasuwarsa. Yardar jarumi ita kaɗai ba ta isa ba, domin shi fuska ya bayar, ba shi ya ƙirƙiri sunan ba. Ku zauna da kowa, a rubuta abu huɗu: izinin amfani da suna da halayen mutanen labarin, izinin kiɗan, izinin saka guntayen tsohon hoton in kuna so, da kason kowa. A sa hannu gaban shaidu. Rigimar irin wannan fim ba ta tashi sai ranar da ya fara kawo kuɗi.

Bayan nan ku kalli tsohon shirin gaba ɗaya da biro a hannu, ku fitar da abubuwan da jama'a ke tunawa. Yawanci ba su wuce biyar ba: kiɗan buɗewa, wata kalma da jarumin ke yawan faɗa, tufarsa, abin hawansa, da abokin tafiyarsa. Waɗannan ba a taɓa su. Duk sauran kuna iya canzawa. In wani daga cikin 'yan wasan ya rasu, kada ku ba wani sunansa. Ku faɗi rasuwarsa cikin labarin da jimla ɗaya, ku kawo ɗa ko almajiri, kamar yadda muka bayyana wa Malam na Garwa. Kada kuma ku shafa wa dattijonku baƙin shuni a gemu ku ce jiya ne. Ku ba shi shekarunsa, ku ba matashi gudu.

Rubutu: shafi ɗaya yakan ba da kusan minti ɗaya, don haka shafi 90 kuke nema. In kuna iya ɗaukar shafi 5 a yini, kwana 18 ke nan, ku ƙara 3 saboda ɗaukewar wuta da rashin lafiya. Ga rabon da muke ba da shawara in za a ɓoye mai kisan. Minti 1 zuwa 12, a nuna mamacin da ransa da mutum huɗu da ke da dalilin ƙinsa. Kafin minti 15 a yi kisan. Daga nan zuwa 25 a nuna inda tsohon jami'in yake yanzu da abin da ya tilasta masa dawowa. Daga 25 zuwa 70 bincike, amma wajen minti 45 dole wani abu ya kife: wanda aka fi zargi ya mutu, ko a gano shaidar da aka dogara da ita ƙarya ce. In babu wannan, tsakiyar fim ɗin za ta zama yawon gaishe-gaishe gida-gida. Minti 70 zuwa 80 jami'in ya gane, mai kallo bai gane ba tukuna. Goman ƙarshe a warware. Waɗanda ake zargi kada su gaza huɗu, kada su wuce biyar. Uku, mai kallo ya canka tun kafin a yi nisa. Shida, ya manta sunayensu.

Hujja ita ce inda aka fi faɗuwa. Ƙa'idarta ɗaya: duk abin da jami'in zai kafa hujja da shi a ƙarshe, sai mai kallo ya riga ya gan shi da idonsa. Ga misali daga ɗakin kowa. A minti 10 mun ga Alhaji ya shiga gidan sauro, ya ja tocilansa, ya cusa gefen da ya shiga daga ciki, a sakwarkwace kamar yadda kowa ke yi. A minti 20 an same shi a mace, an ce cikin barci ne, gidan sauron kuwa a ɗame ta kowane gefe kamar fatar ganga. Kyamara ta wuce ta kai daƙiƙa biyu, ba wanda ya ce uffan. A minti 60 jami'in yana fama da nasa gidan sauron a gida, yana cusawa yana zamewa, sai ya tsaya cak ya yi shiru. A minti 85 ya faɗa: wanda ke ciki ba ya iya ɗame shi haka, daga waje aka cusa. Sau uku aka nuna, ba a ɓoye komai ba, amma mai kallo sai ya dafe kai. Ku lura, wannan ya tabbatar da cewa wani ya shiga ɗakin ne kawai, bai nuna ko wane ne ba. Kuna buƙatar hujja ta biyu da za ta ɗaure mutum ɗaya tak, ita ma a shuka ta sau uku. Fim ɗin da ya ƙare da mafarki, ko boka, ko wani baƙo da ya faɗo daga sama ya ce na gani, ya cuci wanda ya zauna awa ɗaya da rabi.

Waya ma tana kashe tsohon labari. Abin da a da sai an hau babur an tsallaka gadar Ngeli zuwa Njamena an tambayo, yau kira ɗaya ne. Mai kallo zai ce, me ya hana a duba wayar mamacin? Ku amsa wannan tambaya cikin fim ɗin da wuri: an duba, ga abin da aka samu, ga dalilin da bai wadatar ba.

Kada ku kwafi kotun Amurka. Ko a Perry Mason na asali, yawancin zaman ba shari'ar ƙarshe ba ce, zaman share fage ne gaban alƙali, shi ya sa ba a cika ganin masu taya alƙali yanke hukunci su 12 ba. Mu a nan ɗan sanda ko jandarma ne ke binciken farko ƙarƙashin mai gabatar da ƙara na gwamnati, babban laifi kuma ya wuce hannun alƙalin bincike. Dokar shari'ar laifuka ta 2005 ta sa tsarewar farko a ofishin 'yan sanda awa 48 ce, ana iya sabunta ta. Wannan kyauta ce ga marubuci: ga agogo yana tafiya, ko a samu hujja ko a saki mutum. Ku ba wani lauya ko tsohon jami'i rubutun ya duba, kuma ku nemi izinin hukuma a rubuce kafin kowa ya sa kaki ko ya riƙe abin da ya yi kama da bindiga a titi. A garin kan iyaka irin naku wannan ba abin wasa ba ne.

Tambaya: Ina da shagon gyaran tele da dikoda. Masu kawo tsofaffin finafinan nan suna kuka da abu uku: muryar Faransanci ba ta tafiya da baki, mutane sun yi faɗi kamar an danne su, wani lokaci kuma hoto na tafiya ba sauti. Laifin na'ura ne?
Mai gyara, Ngawundare

Amsa: Maigida, duk ukun ba sai ka kwance ko noti ɗaya ba.

Murya da baki iri biyu ne, ka fara gane wanne ne. Duba tazarar a minti na 2, ka sake dubawa a minti na 30. In tazarar ɗaya ce, jinkiri ne kawai. A VLC, manhajar kallon fim ta kwamfuta, maɓallin J da K suna matsar da sauti gaba ko baya, kowane dannawa kashi 50 cikin 1000 na daƙiƙa, G da H kuma na rubutun ƙasa ne. In kuwa tazarar ƙaruwa take yi, matsalar gudu ce. An ɗauki finafinan nan a hoto 24 kowace daƙiƙa, kwafin Amurka yana tafiya a 23.976, tele ta Turai da tamu kuwa a 25. Kwafin Faransa ya fi sauri da kusan kashi 4 cikin 100, shi ya sa fim mai minti 95 a can yake zama 91 a nan ba tare da an yanke komai ba. In wani ya ɗauko hoton Amurka ya liƙa masa muryar Faransa, kowane minti murya za ta tsere wa baki da daƙiƙa biyu da rabi. A minti goma ta ba shi daƙiƙa 25. Ba maɓallin da zai gyara wannan, sai an rage gudun sautin zuwa kashi 95.9 cikin 100 a manhajar gyaran sauti an sake haɗawa. Mafi sauƙi a nemi faifan asali mai harsunan biyu a ciki, wanda shi ne ma halaliyar hanya. In za a saya, a duba lambar yanki a bayan kwalin: Amurka 1, Turai 2, yawancin Afirka 5. Na'urar da aka kulle a yanki ɗaya ba ta karɓar na wani.

Faɗin fuska kuwa daga saitin allo ne. An yi finafinan nan don tsohuwar tele mai 4:3, ta yanzu 16:9 ce. In aka bar ta ta cika allo, sai ta ja hoton gefe da gefe. Shiga saitin girman hoto ka zaɓi 4:3, a samu baƙin shafi dama da hagu, haka ya kamata ya kasance. Masu shago da yawa sukan zaɓi zuƙowa don a cika allon, wannan kuwa yana yanke kashi ɗaya cikin huɗu na hoton, sama da ƙasa. A fim ɗin bincike ƙasan allo nan ne hannu yake, da teburi, da takalmi. Ana iya yanke hujjar ɗungurungum.

Hoto ba sauti yawanci nau'in sautin ne na'urar ba ta iya karantawa, musamman AC3 ko DTS a ƙananan dikoda masu araha. Duba ko akwai layin sauti na biyu a zaɓa. In babu, a juya sautin zuwa AAC ko MP3 a kwamfuta, a bar hoton yadda yake, aikin 'yan mintoci ne. In sauti ne ke fita allo ya yi baƙi, yawanci nau'in hoton H.265 ne, tsohuwar na'ura H.264 ta sani. Filashin da aka tsara a FAT32 kuma ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce giga 4.

Tambaya: Wace irin mota ce Columbo ke ja? Na ce Fijo ce, yaran garejina suna dariya wai Ba'amurke ba ya hawa Fijo.
Makanike, Garwa

Amsa: Ka ce su daina dariya su koma bakin aiki. Peugeot 403 ce ta 1959, mai buɗaɗɗen kai da rufin tamfol. An ƙera 403 daga 1955 zuwa 1966, inji mai silinda huɗu, cc 1468, ita ce yayar 404 da 504 da kuka saba kwancewa. Mai buɗaɗɗen kan ce ke da wuyar samu, domin abin da aka ƙera bai fi 2,000 da 'yan kai ba. Da aka dawo da shirin a 1989 ba a sauya masa ita ba, 403 ɗin aka sake nemowa, da tsatsarta da ƙofar da sai an daka mata kafaɗa.